Tayar iska ko tayar roba zalla: wace za a sa wa keken Mama?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Kin tambaya wace taya za ki sa wa keken guragun Mama, mai iska ko ta roba zalla. Tunda tayoyin baya ne suka cinye, ni dai ki sa mata mai iska.

Keken guragun da muke tura Babanmu a kai tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki, da tayar roba zalla ya zo. Kin san layukanmu na Jos, daga dutse sai rami, ga hawa ga gangara. Duk tsakuwar da muka taka sai ta tashi har ƙugunsa. Baba ba mai ƙorafi ba ne, amma sai ya fara cewa a bar shi ya yi sallah a gida. Da muka sauya ƙafafun zuwa masu tiyub, Juma'ar farko da na tura shi masallaci ya juyo ya ce, "Yau kamar a mota nake." Turawar ma ta yi mini sauƙi. Sau ɗaya ƙaya ta huda mu a hanya, mai facin keke ya gyara kafin Baba ya gama gaisawa da mutane, kuma ya ƙi karɓar ko sisi.

Ta roba zalla, to, ba ta yin faci, iyakarta ke nan. In Mama daga ɗaki sai tsakar gida mai siminti, za ta yi.

Kafin ki kashe kuɗi, ki duba rim ɗin. In babu ramin bawul, wato inda bakin hura iska ke fitowa, kamar yawancin ƙafafun roba da ake haɗa su da tayarsu, sai an canza ƙafar dukkanta. In akwai, taya da tiyub kawai za ki nema.

A nan ne ake cutar mutane. Tayar bayan keken guragu yawanci an rubuta mata 24 x 1 3/8, a gefe kuma 37-540. Tayar keken yara ma 24 ake ce mata, amma tata lambar 507 ce, ba za ta taɓa hawa rim ɗinki ba. Wani mai shago ya rantse mini duk ɗaya ne, na kai gida muka yi ta fama da ita, na mayar ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Ki tafi da tsohuwar tayar a hannu, ki karanta 540 da idonki. Ki kuma lanƙwasa sabuwar ki gani: wasu na shafa wa tsohon kaya mai ya yi ƙyalli, alhali robar duk ta tsattsage.

Mai iska tana son kulawa kaɗan. Ki sayi ƙaramin famfo, duk mako a matsa tayar da yatsa. Iska na raguwa birki ya daina kamawa, don ƙarfen birkin a jikin taya yake dannawa, kuma a gangaren Jos wannan ba abin wasa ba ne, musamman lokacin ɗaga ta daga gado zuwa keke. In iska ta cika bai kama ba, a sassauta notinsa da sifana, a matso da shi kusa da taya, a ɗaure.

Tunda za a kwance, a duba ƙananan tayoyin gaba. Su dai ki bar su a na roba. In suna ƙara ko keken na karkata gefe, sau da yawa gashi da zare ne suka nannaɗe a ƙarfen tsakiya. A cire, a goge, a sa giris. In boris ne ya mutu, lambarsa na jikinsa, namu 608 ne. Ki aika yaro da tsohon wajen masu kayan gyara a Dilimi, a gwada sabon a kansa kafin ya biya.