Rahoto daga Kolon: kaya da araha, aikin hannu da tsada

Assalamu alaikum Yaya, tare da dukan 'yan'uwa da abokan arziki. Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na ga ya kamata in tattara amsoshin tambayoyin da kuke yi mini game da zamanmu a Jamus a wuri guda, tun da akwai waɗanda ke shirin zuwa karatu ko aiki tare da iyalinsu. Babban abin da na fahimta a birnin Kolon, inda muke zaune da maiɗakina da yara, shi ne cewa kayan masarufi ba su fi ƙarfin mai albashi ba, amma aikin ɗan Adam da lokacinsa suna da tsada ƙwarai, kuma wannan tsadar ce ke tsara cefanen gida da tafiye-tafiye, har ma da yadda ake yin Sallah.

A manyan kantunan rangwame irin su Aldi da Lidl, madara da fulawa da dankali da taliya da man girki suna da sauƙi, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne harajin kaya a kan yawancin abinci kashi 7 ne cikin ɗari, alhali na sauran kaya kashi 19 ne. Kuɗin da aka rubuta a jikin kaya shi ake biya, babu ciniki, kuma a ƙarƙashinsa ana rubuta farashin kilo ko lita domin mai saye ya gane wanda ya fi araha da gaske. Sabon kaya yana da kariyar doka ta shekara 2 idan aka tarar da aibu a jikinsa, wanda aka saya ta intanet kuwa ana iya mayar da shi cikin kwana 14 ba tare da an faɗi dalili ba. Sai dai ranar da injin wanki ya lalace mutum zai san inda tsadar take, domin mai gyara yana cajin kuɗin zuwansa daban, kuɗin awoyin aikinsa daban, kuma sai an sa masa rana. A ƙasar da mafi ƙarancin ladan awa guda ya kai Yuro 12.82 a shekarar 2025, babu mai zuba maka kaya a jaka a kanti, babu mai zuba maka mai a mota, kuma magidanci yakan koyi haɗa gado da shafa fenti ko yana so ko ba ya so. Gidajen haya da yawa ma babu komai a ɗakin girkinsu sai bango da bakin famfo, mai haya ne zai sayi murhu da kabad ya kafa, bayan ya ajiye kuɗin jingina da kan kai hayar wata 3. Da zarar an tare kuma, doka ta ba da mako 2 a je ofishin gari a yi rajistar adireshi, wanda kusan duk wata takarda da za a nema daga baya ta dogara da shi.

Naman halal ba a cika samunsa a waɗancan kantuna ba, saboda haka mukan je wajen mahautan Turkawa da Larabawa. Turkawa sun fara zuwa da yawa ne bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961, kuma albarkacin zamansu ne unguwanni irin su Mülheim da Ehrenfeld suka cika da shagunan nama da kayan yaji da shinkafa ta buhu. A kantin gama-gari dole ne uwar gida ta saba karanta abin da aka rubuta a bayan kwali, domin alewar yara da wasu kayan zaƙi sukan ƙunshi sinadarin da aka samo daga alade, wasu kuma akwai giya a cikinsu.

Ruwan famfo ana shansa kai tsaye, wutar lantarki kuma ba ta yankewa sai da wani babban dalili, amma kuɗinsu da na ɗumama gida a lokacin hunturu suna cin albashi sosai, musamman tun daga 2022 da yaƙin Yukren ya tayar da farashin iskar gas. Ana biyan ƙiyasi kowane wata, a ƙarshen shekara a yi lissafi, ko a mayar wa mutum da rara ko a turo masa takardar ciko, kuma wannan takarda ce baƙi da yawa ba su yi mata tanadi. Akwai kuma Yuro 18.36 da kowane gida ke biya a wata na rediyo da talabijin na gwamnati, ko da babu akwatin talabijin a gidan. Gorar ruwa ta roba da gwangwanin lemo suna da jinginar senti 25, wadda inji ke mayarwa idan an kai su kanti, kuma yaranmu sun ɗauki wannan aiki a matsayin nasu.

A fannin lafiya ni kam ina yaba tsarin ba tare da wata tantama ba. Inshora wajibi ce, ana cire kashi 14.6 cikin ɗari na albashi da wani ɗan ƙari, ma'aikaci da mai ɗaukarsa aiki su raba biyu, kuma a inshorar gwamnati mata da yaran da ba su da kuɗin shiga suna shiga ƙarƙashin maigida ba tare da ƙarin ko sisi ba. Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi wajen likita, a nuna kati, a dawo gida ba a taɓa aljihu ba. Inda ake shan wahala shi ne ganin ƙwararren likita, domin a nan ma lokacin mutum ne ke da tsada, sai a ba ka rana bayan makonni ko watanni. Ko maganin ciwon kai na farasitamol sai a kantin magani ake sayar da shi a Jamus, alhali a Holan yana nan a kan kanta a kantin cefane.

Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, in ban da na tashoshin jirgin ƙasa da gidajen mai da wasu masu burodi, kuma hutun wannan rana yana da kariya a cikin tsarin mulkin ƙasar. Shi ya sa mutanen wannan yanki sukan tsallaka Holan, zuwa garuruwan kan iyaka irin su Venlo da Roermond, inda shaguna da yawa ke buɗewa ranar Lahadi. A can kusan komai da kati ake biya, alhali a Jamus har yanzu akwai ƙananan shagunan da suka fi son tsabar kuɗi. Don zirga-zirgar cikin ƙasa muna amfani da tikitin wata-wata da aka fito da shi a watan Mayun 2023 a kan Yuro 49, aka mai da shi 58 a farkon 2025, wanda ke aiki a bas da jiragen cikin gari da na yanki a duk faɗin ƙasar, ban da jirage masu gudu na dogon zango. Waɗannan masu gudun sukan kai mutum Brussels daga Kolon cikin ƙasa da awa 2, ko da yake lattinsu ya zama abin da Jamusawa da kansu ke kuka da shi. Da muka je Faransa da mota mun ga akasin abin da muka saba: manyan hanyoyinsu na biya ne, na Jamus kuwa kyauta ne ga ƙananan motoci, amma a gidan abinci na Faransa ana kawo ruwan famfo kyauta, a Jamus kuwa sai dai a sayi na kwalba. Tun watan Satumban 2024 Jamus ta dawo da binciken takardu a kan iyakokinta na ƙasa, don haka ba ma fita sai da fasfo da katin zama na kowa, har da na yara.

Lokacin tafiya ma ba a hannun iyaye yake ba. Zuwa makaranta tilas ne, ba a yarda da karantar da yaro a gida ba, kuma wanda ya ɗauke 'ya'yansa kafin a ba da hutu domin ya samu tikitin jirgi mai araha yana iya fuskantar tara. Hutun bazara kusan mako 6 ne, kuma a cikinsa ne kuɗin jirgi ke tashi, wannan ne dalilin da ya sa ba ma iya zuwa muku a duk lokacin da muka so.

Sallah ba ranar hutu ba ce a nan. Ma'aikaci yakan nemi hutun yini daga cikin kwanakinsa na shekara tun da wuri, yara kuma a rubuta wa makaranta takardar neman izini, wadda a jiharmu akan amince da ita. Jihar Hamburg ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin Musulmi a 2012 wadda ta amince da ranakun idi a hukumance, amma ko a can ba a rufe ofisoshi. Babban masallacin Ehrenfeld, wanda aka yi bikin buɗewarsa a 2018, yakan cika maƙil, ƙananan masallatai kuwa wasu sukan yi sallar idi fiye da sau ɗaya saboda ƙarancin wuri, kuma da an sallame sai ka ga rabin jama'a suna sauri zuwa wajen aiki. Wannan yana yi mini ciwo a rai saboda yara, domin su ne ke ganin gari ya ƙawatu makonni huɗu kafin Kirsimeti, da kasuwannin fitilu a gindin babbar majami'ar Kolon, da kantuna a rufe ranakun 25 da 26 ga Disamba, sannan ranar idinsu ta zo gari yana harkarsa kamar kullum. Abin da iyalai ke yi shi ne su haɗa kuɗi su kama zaure a ƙarshen makon da ya biyo baya, kowa ya kawo abin da ya dafa, a raba wa yara kyaututtuka. Fitilun azumi da aka fara ƙawata titi da su a Frankfurt a 2024 sun faranta wa mutane da yawa rai saboda wannan dalili.

Layya kuwa ba a yin ta a tsakar gida, domin dokar kare dabbobi ta hana yanka ba tare da an gusar da hankalin dabba ba sai da izini na musamman, kuma a mahautar da hukuma ta yarda da ita. Wanda ke son yi a nan sai ya yi rajista da mahauci makonni kafin Sallah, ya karɓi namansa a yanke a ranar da aka sa masa. Mu dai bana ma za mu turo kuɗin ne a yi mana a wajenku, Yaya, kuma zan aiko da su da wuri in Allah ya yarda. A gaida Hajiya da yara duka.