CT ko MRI (na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki) bayan shanyewar ɓarin jiki?

Jama'a idan jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa ta toshe akwai wurin da ya riga ya mutu, akwai na gefensa da jini ya yi wa ƙaranci amma da sauran ransa, shi likita ke aunawa. CT da allurar rini (ruwan da ke sa hanyoyin jini su fito a hoto) cikin mintoci an gama, tana nuna inda jini baya isa, sai dai rinin kan taɓa ƙoda. MRI ta fi fito da mataccen wurin sarai amma tana cin lokaci ga tsada. Ni dai a Kano a yi wadda aka fara samu, don allurar narkar da gudan jini galibi awa 4 da rabi daga farawar ciwon ce iyakarta, dan Allah kar a tsaya shafe-shafe a gida, a nufi asibitin Malam Aminu Kano.