Binciken CAC Da Alƙaluman NBS: Me Suke Ba Mai Son Sanin Girman Harkar Jana'iza A Sakkwato?

Mai son zuba jari a motar ɗaukar gawa, ko ɗalibin da ke rubuta kundi kan kuɗin da ake kashewa a jana'iza, wuri na farko da ake tura shi shi ne manhajar binciken kamfanoni ta CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista a Nijeriya. Kyauta ce, tana buɗewa a waya, kuma ba a buƙatar lauya. Ana rubuta suna ko wani ɓangare na suna, sai ta fito da lambar rajista, ranar da aka yi rajistar, da matsayin kamfanin, wato ko yana aiki ko ba ya aiki. A wannan iyakar tana yin aikinta da kyau. Matsalar ita ce tambayar da ake zuwa mata da ita, wato girman harkar jana'iza a Sakkwato, ta fi ƙarfinta.

Na farko, da suna take nema, ba da irin sana'a ba. Sai ka rubuta kalmomin Turanci da masu wannan harka ke saka wa kamfanoninsu, irin su funeral, undertakers, casket, mortuary da ambulance, ɗaya bayan ɗaya, sannan ka bi adireshi kana tsince na Sakkwato. Yawancin abin da zai fito na kudancin ƙasa ne, inda ajiye gawa na makonni da sayen akwati suka zama ciniki mai zaman kansa. Kafintan da ke haɗa akwatin gawa amma ya yi rajista da sunan "wane Ventures" ba zai taɓa fitowa ba. Haka mai motocin haya da ya ware ɗaya don kai gawa garinsu.

Sai a kula da haruffan da ke gaban lamba. RC kamfani ne, BN sunan kasuwanci ne na mutum ɗaya ko 'yan kaɗan, IT kuma ƙungiya ce mai amintattu, wadda ba don riba aka kafa ta ba. Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin agaji da suka yi rajista a rukuni na uku suke, kuma a Sakkwato su ne ke ɗauke da babban kaso na hidimar gawa. Wanda ya jefa su cikin lissafin 'yan kasuwa ya ɓata lissafinsa tun daga tushe. Kalmar "inactive" ma tana ruɗar mutane: sau da yawa ma'anarta ba a miƙa rahoton shekara ba ne, alhali shagon yana buɗe kullum.

Batun kuɗin shiga kuwa, babu shi a binciken kyauta. Ana iya biya a karɓi rahoton matsayin kamfani, wanda zai nuna daraktoci da jarin da aka yi rajista da shi, amma jarin rajista ba ciniki ba ne. Ga kuma dokar kamfanoni ta 2020 da ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni wajibcin ɗaukar mai binciken kuɗi, abin da ya yi wa masu ƙaramin jari daɗi amma ya rage takardun da mai nazari zai dogara da su.

Daga nan ake wucewa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS. A tsarin rarraba sana'o'i na duniya, hidimar jana'iza tana da lambarta, 9603. A rahoton tattalin arziki da NBS ke fitarwa duk wata uku kuwa, an dunƙule ta cikin "sauran hidimomi" tare da aski, wanki da gyaran kayan gida, kuma adadin na ƙasa baki ɗaya ne. Ba yadda za a yi a tsame kason jana'iza, balle na jiha guda. A Amurka abin daban yake: gidajen jana'iza suna da lambarsu, 812210, kuma duk shekara biyar ana ƙidayar kasuwanci da ke nuna yawansu da kuɗin da suka samu. Masu kwafo wannan salon su ɗora wa Sakkwato suna manta cewa can akwai gida guda da ke karɓar gawa, ya shirya ta, ya rubuta rasit ɗaya. A nan mutum kan rasu da asuba, kafin azahar an sallace shi an kai shi makwancinsa, kuma kuɗin da aka kashe ya rarrabu a hannu biyar ko shida, ba wanda ya rubuta ko sisi.

Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce doka ta 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, kuma a Nuwambar 2023 aka ƙaddamar da tsarin yin rajistar ta kwamfuta. Amma mutanenmu ba sa neman takardar mutuwa sai in akwai fansho, kuɗi a banki ko gado da ya kai kotu. Saboda haka adadin da ke ofis yana nuna waɗanda suka bar takardu ne, ba waɗanda aka binne ba. Jarirai da matan karkara kusan ba sa shiga ciki, kuma wannan abin takaici ne da ya wuce batun kasuwanci.

To me ya rage? Lissafi daga ƙasa zuwa sama. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Sakkwato mutum 3,702,676 a ƙananan hukumomi 23, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, duk adadin da za ka gani na yau hasashe ne. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na mace-mace a Nijeriya yana wajen mutum 12 cikin dubu a shekara. Ke nan duk unguwannin da suka tara mutum 100,000 za a sa ran jana'iza 1,200 a shekara, ɗari a wata, uku zuwa huɗu a rana. Wannan ma'auni ne na fara aiki kawai. Dole a gwada shi da abin da ke faruwa a maƙabarta.

Tsarin mulkin 1999 ya sa kula da maƙabartu a hannun ƙananan hukumomi, don haka daga sakatariya ake fara neman izini, sannan mai unguwa da kwamitin maƙabarta. Masu haƙa kabari su ne suka fi kowa sani. Wasu maƙabartun suna da littafi, wasu babu. Inda babu, a bar wa shugaban masu haƙa ƙaramin littafi mai gida uku: babba, yaro, jariri, yana jan layi kullum. A je da ladabi, a gai da su da sannu da aiki, kada a yi maganar "kasuwa" a bakin kabari, domin yawancinsu neman lada suke yi, abin da aka ba su ihsani ne, ba farashi ba.

Raba manya da yara shi ne inda lissafi ke tashi ko ya faɗi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin dubu ke rasuwa kafin shekara biyar, kuma Arewa maso Yamma ta fi haka. Likkafanin jariri ɗan ƙyalle ne, ba a ɗauko masa mota, sau da yawa a hannu ake rungume shi zuwa maƙabarta. Wanda ya ninka dukkan mace-mace da yadin babba zai fito da kasuwar da ta ninka gaskiya. Na manyan ma ba ɗaya ba ne. Risala, littafin fiƙihu, ta ce an so a yi likkafani mara, tufa uku, biyar ko bakwai, kuma a mazhabar Malikiyya da ake bi a nan an fi so namiji biyar, mace bakwai. A aikace gidaje da yawa uku suke yi. Tela mai yanka likkafani zai faɗi yadin da ke tafiya a kowanne, shi ya kamata a tambaya.

A Babbar Kasuwa, masu sayar da alawayyo za su iya faɗin bandir nawa suke sayarwa a wata, sai dai ba duk farin yadi ke zama likkafani ba, wani rini za a kai shi, wani shafin riga ne. Akwai kuma masu hali da ke sayen bandir su ajiye a masallaci sadaka, wannan ya shiga ciniki sau ɗaya, kada a sake ƙirga shi a gidan mamaci. Turare, kafur, itacen rufe kabari da tukwane duk ƙananan kuɗi ne. Makara ta masallaci ce, ba a haya. Inda kuɗi ke tafiya sosai shi ne zaman makoki: hayar rumfa da kujeru, ruwan leda, abincin baƙi, da sadakar uku, bakwai ko arba'in ga gidajen da ke yi. Waɗannan masu rumfar su ne dai ke hidimar biki da suna, don haka sai an roƙe su su ware.

Ɓangaren da ya yi kama da kasuwanci na sosai ƙarami ne: ɗakin ajiye gawa na asibiti, akwati, da motar da ke kai mamatan Kiristoci da sauran baƙi garuruwansu na asali. A nan akwai rasit, akwai farashi. Amma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana karɓar marasa lafiya daga Kebbi, Zamfara har da Jamhuriyar Nijar, saboda haka wanda ya rasu a can ba lallai a Sakkwato aka binne shi ba. Idan aka haɗa littafin asibiti da na maƙabarta kai tsaye, wasu za su shiga sau biyu, wasu kuma ba na garin ba ne. Kuma ƙirgar wata ɗaya ba ta isa: a ɗauki makonni a zafin Afrilu lokacin sanƙarau, a ɗauki wasu a Satumba da zazzaɓin cizon sauro ke kama yara, a ƙara da na hunturu, sannan a fitar da matsakaici.