Katin asibiti na wata-wata ga iyali: me yake ɗauka, ina yake tsayawa?

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Magidanci ya riƙa biyan asibitin kuɗi wani adadi tsayayye duk wata, shi da iyalinsa su ga likita duk lokacin da buƙata ta taso, ba kuɗin kati, ba kuɗin ganin likita, ba kamfanin inshora a tsakani. A Amurka, inda tsarin ya yi ƙarfi, babba kan biya kamar dala 50 zuwa 100 a wata. A nan ya fi kama da yarjejeniyar da kamfanoni suka daɗe suna ƙullawa da asibitoci don ma'aikatansu, sai dai wannan karon maigida ne ke ƙullawa da kansa. A ganina ya cancanci kuɗinsa ga iyali a Sakkwato, muddin an san iyakarsa tun kafin a sa hannu.

Abin da ke jan mutane gare shi shi ne ƙuncin inshora. Ma'aikacin tarayya da ke ƙarƙashin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, ana ɗaukarsa da mace ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. To gidan da ke da mata biyu, 'ya'ya tara, ga tsohuwa a ɗakin tsakar gida fa? Sauran sai an yi musu rajista daban da ƙarin kuɗi. Idan ciwo ya wuce matakin farko kuma, sai asibiti ya jira lambar izini daga HMO, kamfanin da ke tsakanin asibiti da hukumar inshora, kafin a ci gaba. Katin wata-wata ba ruwansa da wannan jira, kuma ana iya zama da mai asibiti a yi ciniki a kan yawan mutanen gida.

Inda ya fi amfani shi ne hawan jini da ciwon suga. Wanda ke biya duk zuwa ba ya zuwa sai jiki ya ƙi, hawan jini kuwa ba ya sallama, sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce alamarsa ta farko. Idan an riga an biya, Baba zai zo awon jini duk wata ba tare da an yi ta lallashinsa ba, a duba ko amlodipine ɗin da yake sha ya isa, a lura da kumburin ƙafa. Mai suga a yi masa gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, kamar duk wata uku, a duba tafin ƙafarsa. Likita ɗaya ke riƙe da fayil ɗin, ba sabuwar fuska kowane zuwa ba, wannan kaɗai babban abu ne.

Haka ma zazzaɓin cizon sauro daga damina zuwa kaka. Uwa ta kawo yaro ranar da jikinsa ya fara zafi, a soki yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. In sauro ne, a ba shi artemether-lumefantrine, sha shida cikin kwana uku, da abinci mai ɗan maiƙo ko madara. Asibitin kirki zai kira a waya rana ta biyu, domin nan ne iyaye ke ajiye magani da zarar yaro ya tashi wasa. Kuma tunda asibitin ba ya cin riba da yawan allura, ya kamata a huta da ɗabi'ar nan ta maƙala wa kowa taifot bisa gwajin Widal guda ɗaya.

Matsalar ma daga nan take fitowa. Kuɗin asibiti ɗaya ne ko ya duba ka ko bai duba ba, don haka mai son banza zai yi ta rajistar gidaje har layi ya dawo. A tambaya ƙarara: mutum nawa ke kan likita ɗaya, kuma wa ke kwana da dare, likita ko ma'aikacin jinya kaɗai? Ga matan gida akwai likita mace ko ungozoma? Sai magani, inda aka fi yin rigima. A nemi jerin magunguna da gwaje-gwajen da kati ya ɗauka a rubuce, in ba haka ba kullum za a ji "babu, a saya a kemis". A kuma rubuta kwana nawa ake ɗaga ƙafa idan albashi ya makara, da yadda ake shigar da jariri ko amarya. Lasisin likita na MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, a gan shi da ido. Nisa ma abin dubawa ne, mutumin Arkilla da ya yi rajista a Mabera zai gane haka ranar da yaro ya fara suma ƙarfe biyun dare.

Wannan kati ba inshora ba ne. Tiyatar haihuwa, ƙarin jini, kwanciya mai tsawo, wankin ƙoda, sanƙarau a lokacin zafi, tashin sikila mai tsanani, yawanci duk suna wajensa. Waɗannan na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne, ko Asibitin Ƙwararru, ko na mata da yara na Maryam Abacha, kuma can wanda ba shi da inshora yawanci da aljihu zai biya. Mai NHIA ko SOCHEMA, inshorar lafiya ta jiha, kada ya yar da ita saboda kati, ya haɗa su biyun in da hali. Wanda ba shi da ko ɗaya ya yi lissafi da biro: a ce dubu 3 ne kowane kai, gidan mutum takwas dubu 24 ke nan a wata, dubu 288 a shekara. Ya gwada da abin da ya kashe bara a asibiti da kemis. In gidan akwai tsofaffi masu shan magani kullum da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, su ya kamata a fara sakawa, samari masu lafiya su jira, rarar kuɗin a ajiye ta gefe don ranar da za a rubuta takardar tura mara lafiya babban asibiti.