Dausayin Baturiya: in don furannin daji za ka je, ka yi sammako

Baturiya tana cikin ƙaramar hukumar Kiri Kasamma a Jigawa, ɓangare ce ta fadamar Haɗeja da Nguru, kuma tun 2008 ta shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya. Yawancin baƙi kallon tsuntsaye ke kai su, amma mai sha'awar tsirran ƙasarmu ma ba zai yi asarar kuɗin mota ba. Kada dai ya sa ran ganin lambu irin na birni da aka jera fulawa layi-layi. Daji ne da ruwa.

Abin kallo na farko shi ne bado. Farin bado da dare yake buɗewa, kafin hantsi ya dubi ludayi ya rufe, don haka wanda ya isa bayan ƙarfe 11 ganye kawai zai tarar a kan ruwa. A kwana a Haɗeja, a fita bayan sallar asuba. Kada a tsinka, cikin ɗan lokaci yake yaushi, kuma mutanen wurin na cin 'ya'yansa da saiwarsa.

Lokacin da ya fi dacewa daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Disamba. A Agusta da Satumba ruwa ya cika, laka na riƙe mota. Da kaka kuwa hanya ta bushe, tafkuna ba su ƙafe ba, gawo ya fitar da sabon ganye da fure a daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu. Ga giyayya a bakin ruwa, ga goruba da bagaruwa.

Babban aibin wurin kachalla ce, wata doguwar ciyawa mai tsirowa a cikin ruwa. Madatsun Tiga da Challawa sun canza yadda ruwa ke zuwa ya janye, ya zama yana kwanciya a wasu wurare duk shekara, ita kuma kachalla abin da take so ke nan. Ta toshe mashigai da dama, ta danne ƙananan tsirrai. Saboda haka a nemi masunci ɗan gari mai kwalekwale da ya san inda ruwa ke buɗe, a yi ciniki kafin a shiga, bayan an gaisa da dagaci da ma'aikatan gandun daji.

A tafi da ruwan sha da abinci, a sa takalmin roba mai tsawo. Yara musamman kada a bar su su tsoma ƙafa, ruwan kwance irin wannan yana sa tsargiya.