Tsohon babur na ajiya: wanne za ka saya, me za ka duba kafin ka biya

A kasuwar tsofaffin babura babu abin da ya kai ƙyalli arha. A watan Janairun 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wani Vincent Black Lightning ƙirar 1951 a Las Vegas kan dala 929,000, alhali fentinsa ya koɗe, jikinsa duk tabon shekaru. Asalinsa aka saya da tarihinsa, domin shi ne ya kafa tarihin gudu a Ostareliya a 1953. Saboda haka kafin ka yi maganar ƙira ko kamfani, fara yanke shawara kan halin da kake son samun babur ɗin a ciki.

Wanda ba a taɓa ba, wato mai fentin kamfani da kujerarsa da salansarsa da notinansa na asali, shi ya fi riƙe daraja. Dalilin a fili yake: ana iya sabunta babur sau goma, amma fentin kamfani in ya tafi ya tafi ke nan. Sai dai kyan waje ba ya nufin lafiyar ciki. Robobi sun bushe, man birki ya sha ruwa, kafireta ta daskare da tsohon fetur. Wanda aka sabunta kuma ya fi daɗin hawa, amma darajarsa tana hannun bakaniken da ya yi aikin. In babu hotunan aikin mataki-mataki da rasiɗan kayan da aka sa, ka ɗauka fenti kawai aka fesa. Na ukun shi ne wanda aka tsinto a rumbu ko gareji bayan shekara talatin yana kwance. Shi ya fi jan hankalin sabon shiga saboda arha, shi kuma ya fi cin kuɗi. Sau da yawa kuɗin tayar da shi ya fi abin da za a saye shi bayan an gama, sai kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu. In ba kai ne za ka yi aikin da hannunka ba, bar wa masu shi.

Daga nan sai zaɓen ƙasa da kamfani. Baburan Japan na ƙarshen shekarun 1960 da na 1970 su ne ƙofar da ta fi sauƙin shiga. Honda CB750 ta fito a 1969 da silinda huɗu da birkin faifai a gaba, Kawasaki Z1 mai cc 903 ta biyo baya a 1972. Injinansu ba sa yoyon mai kamar na Ingila, kayan gyara kuma suna samuwa. Inda ake asara shi ne salansa. Bututu huɗun salansar suna ruɓewa daga ciki saboda raɓar da ke taruwa, na asali kuwa sun yi ƙaranci. A CB750 ta shekarun farko ka nemi hatimin HM300 a jikin bututun, alamar na asali, sai dai na farkon fari sun fito ba hatimi. Injinan farko, kimanin 7,400, suna da kaushin jiki saboda yadda aka zuba ƙarfensu, kuma kuɗinsu ya ninka na sauran, abin da ya sa jabunsu ya yi yawa. Masu injin bugu biyu (two-stroke) irin Kawasaki H1 da H2 suna da wata matsalar daban: in sun daɗe a ajiye robobin karanshaf sukan bushe, iska ta riƙa shiga, injin ya yi zafi har fistin ya huje.

Na Ingila sai mai haƙuri. Triumph Bonneville ta fara a 1959, masu tarawa kuma sun fi son ƙirar ƙarshen shekarun 1960 a kan ta 1971, lokacin da aka mayar da ma'ajiyar baƙin mai cikin firem, kujera ta yi tsawo. A cikin karanshaf ɗin Triumph akwai wani rami da ke tara dattin mai. In ya cika, mai ba ya isa inda ya kamata, kuma ba a share shi sai an farke injin gaba ɗaya. Tambayi mai babur ko an taɓa yin wannan aikin. In ya tsaya yana kallonka, ka sa kuɗin a lissafi. Norton Commando ta fi laushin tafiya saboda robobin da suka raba inji da firem, amma ƙirar Combat ta 1972 ta yi ƙaurin suna wajen cin boris ɗin karanshaf, sai an tabbatar an sa masu ƙwari irin Superblend. Wasu Commando na farko suna da tankin fayiba, wanda fetur mai haɗin itanol ke narkarwa. Ka kuma sani cewa yawancin na kafin 1975 giyarsu a ƙafar dama take, wayarinsu na komawa da baya, wato bangaren fozitif ne ke haɗe da firem, notinansu kuma ba sa karɓar sifanar milimita.

BMW ita ce ta mai son ya hau, ba ya ajiye kawai ba. Ba ta da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya. R90S ta 1973 zuwa 1976 da R69S ta shekarun 1960 su aka fi nema. Amma na kafin 1970 ba su da matatar mai. Wasu faifai ne a jikin karanshaf ke tara datti, su ma sai an buɗe inji ake share su.

Yanzu ga wurin da aka fi damfarar mutane: lambobi. A Triumph da BMW na wancan zamani lambar inji da ta firem ɗaya suke fitowa daga kamfani, in sun bambanta an sauya ɗaya, daraja ta faɗi. A Honda da Kawasaki kuwa ba sa zama ɗaya tun asali, kusa da juna kawai suke. Wanda ya nuna maka CB750 mai lambobi iri ɗaya sak, wani ne ya buga su da hannu. Harley-Davidson na kafin 1970 a inji kaɗai lambar take. Lamba mai harafi 17 da aka saba gani yau sai 1981 ta zama ƙa'ida. Goge wurin da tsumma, ka haska fitila daga gefe, ba daga gaba ba. Hasken gefe shi ke tona sawun zarto, ko wurin da ya lotsa saboda an kankare tsohuwar lamba, ko harafin da ya fi 'yan uwansa zurfi. Sannan ka gwada da abin da ke takarda. Babur mai lambar da ba ta dace da takardunsa ba, ko kyauta ne kada ka karɓa.

Ka ce a bar maka injin da sanyinsa, in ka iso ka ɗora hannu a kansa. In da ɗumi, an tayar da shi kafin zuwanka don a ɓoye wahalar tashi ko hayaƙin farko. Shuɗin hayaƙi da ke ɗaukewa bayan minti ɗaya yawanci daga bawul ne, wanda ya ƙi ɗaukewa kuwa ringi ne. Auna matsin kowace silinda, bambanci kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Leƙa cikin tanki da fitila don tsatsa, ka bi jikinsa da ƙaramin maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa a tankin ƙarfe, an cike lotsawa ne aka rufe da fenti. Duba wuyan firem, nan ne fenti ke tsagewa in babur ya taɓa yin karo. Kada mitar nisan tafiya ta ruɗe ka, sauya ta ba wuya. Robar matakin ƙafa da ta hannu sun fi ta faɗin gaskiya. Taya ma tana da shekarunta a gefe: lamba huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT mako ne da shekarar da aka yi ta, in uku ne to tun kafin 2000 aka yi ta, komai kyan zanenta ba ta hawuwa.

Wurin saye ma zaɓi ne. A gwanjo ake samun nau'in da ba a gani ko'ina, amma akwai la'adar mai saye a kan kuɗin da aka buga, ba a barinka ka hau, ba a kuma mayarwa. Dillali ya fi tsada, sai dai kana da wanda za ka koma wa. Saye daga hannun mai shi ya fi arha, kuma kana jin tarihin daga bakinsa. Saye ta hoto a intanet kuwa cinikin biri a sama ne, sai in ka tura wanda ya san ƙirar ya gani da idonsa.

In kana tunanin sayarwa wata rana, duk abin da ka cire na asali, ko fasasshiyar fitila ce, ka adana shi a kwali tare da rasiɗai, domin mai saye na gaba zai tambaya. In za ka ajiye babur ɗin na watanni, tsiyaye kafireta, cire batir, ɗaga tayoyi daga ƙasa, ka rufe shi da yadi mai shan iska. Leda tana tara raɓa, raɓa kuma ita ke cin kwalliyar ƙarfe.