Kuɗin littafi biyu: na aiki sabo, na labari ko gwanjo

Ɗan ƙanwata ya gama makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, ya same ni a gida nan Ƙofar Ƙaura bayan la'asar. Ya ce, "Kawu, 'yan kuɗin hannuna ba su wuce na littafi biyu ba, me zan saya?" Na ce masa ya raba su gida biyu, amma kada rabon ya zo daidai. Kaso mai tsoka na littafin aiki ne, kuma sabon bugu. Abin da ya rage ya nemi littafin labari da shi, ko da na gwanjo ne.

Ga mai aikin lafiya a ƙauye, ban ga kamar Where There Is No Doctor na David Werner ba. An fara buga shi da Sifaniyanci a 1973, daga aikin da marubucin ya yi a ƙauyukan kan duwatsu na Meziko, kuma akwai bugun da aka tsara musamman don Afirka. Turancinsa mai sauƙi ne, ga zane kusan a kowane shafi, daga yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari har yadda ake ɗaure karaya. A ƙarshensa akwai korayen shafuka masu bayanin magunguna da adadin da ake ba babba da yaro. To, saboda waɗannan shafukan ne na hana shi sayen tsohon bugu. Tsofaffin suna ba da kulorokwin don zazzaɓin cizon sauro, alhali Najeriya ta koma ga haɗin magani mai atemisinin tun 2005, don ƙwayar cutar ta daina jin na da. Arha a nan ba ta ado. Kafin ka tambayi farashi, buɗe bayan shafin farko ka ga shekarar bugu.

Wani zai ce ai Hesperian, masu littafin, sun sa shi kyauta a intanet. Gaskiya ne, kuma a sauke shi a waya. Sai dai ranar da aka kawo yaro cikin dare, ba wuta, waya ta mutu, na takarda ne zai buɗu a gaban fitila. Haka na ke gaya wa manoma game da ƙasidun noma na NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello, da malaman Hausa game da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006: abin da za ka riƙa komawa gare shi kullum, mallake shi a takarda.

A ɓangaren labari na fi daɗewa da shi, don nan zuciyata take. Ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne a Hausa. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da aka zaga da shi sararin samaniya. Siriri ne, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga shi, kuma shi ne ya dace da ɗan firamare ko ƙaramar sakandare. In ka gan shi wajen masu littattafan makaranta, ɗauka, kada ka tsaya dogon ciniki.

Ga mai jin Turanci kuwa, biyu na ajiye masa a tabarma. Binti na Nnedi Okorafor, 2015, gajere ne, a zama ɗaya ake gama shi, kuma ya ci kyautar Hugo da ta Nebula, manyan kyaututtukan ƙagaggen labarin kimiyya. Yarinya ce 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya, ta bar gida ba da yardar iyaye ba, ta tafi jami'a a wata duniyar, tana ɗauke da jar ƙasar garinsu da take shafawa a jiki da gashi. Duk wadda ta taɓa barin ɗakin uwarta zuwa makarantar kwana za ta gane wannan kewar. Ɗayan shi ne Flowers for Algernon na Daniel Keyes, 1966. Charlie ma'aikacin gidan burodi ne mai ƙarancin fahimta, aka yi masa aiki a ƙwaƙwalwa ya zarce likitocinsa basira, sannan ya ga ɓeran da aka fara gwajin a kansa yana komawa baya, ya san abin da ke jiransa. Na karanta shafukan ƙarshe da hawaye, wallahi. Ba na yara ba ne, akwai wuraren da sai babba. Kuma kada kurakuran rubutun farkonsa su sa ka zaci jabu ne, da gangan aka yi su, hannun Charlie ne kafin aikin.

Jabun gaskiya kuwa yana da alamu. Takarda shara-shara har ana hango rubutun baya, tawada ta dushe a wani shafi ta yi kauri a wani, gam yana sakin ganye da ka buɗe sosai. Na taɓa sayen wani a kasuwa, sai da labari ya yi daɗi na tarar shafi goma sha shida babu. Tun daga ranar nake bin lambobin shafi da yatsa a gaban mai kaya.

Yaron ya ɗauki na Keyes. Ya ce wanda zai yi jinyar mutane ya kamata ya ji yadda majinyaci yake ji in ana magana a kansa kamar ba ya wurin. Binti na ba shi aro ya kai wa ƙanwarsa, wadda za ta fara karatu a Dutsin-Ma bana.